Minti Goma a Daren Zaɓe

Minti goma suka ba mu. Agogon bango ya fara ci.
Kofi ya huce a kofin takarda, ba wanda ya kurɓa.
Mu tara ne a ɗakin, hawa na huɗu, a Ohayo,
idanu duk sun dawo kaina,
ni Orrin Tackett, da na tsufa a kan hanya
ina neman hannun da Allah bai ba ni ba.

Kaka uku ina bin yaron nan.
Tavion Ledbetter, shekara ashirin da ɗaya.
Na gan shi a Misisipi ana ruwa kamar da bakin ƙwarya,
ƙarti uku sun taso masa, ya ja baya taku biyu
ya saki ƙwallo yadi sittin,
ta tafi tana juyi kamar mazari
ta sauka a tafin wanda bai ko waiwayo ba.
Mutum dubu tamanin suka miƙe.
Ni na zauna, gwiwata ba ta ɗauke ni ba.

Wannan ke nan hannun.
Saura na cikin jan fayil a gaban Halvorsen:
ƙarfe biyun dare, mota a kwalbati,
abokin ɗakinsa Dewey, ƙafa ta karye gida uku.
Wa ke tuƙi? Takarda ta ce Dewey.
Mai gadin ƙofar jami'a, bayan na saya masa abinci,
ya ce, "Ni dai ba Dewey na gani a sitiyari ba."

Na tambayi mai wankin rigunan 'yan wasa,
ya ce, "Shekara uku, bai san sunana ba."
Na tambayi matar da ke zuba musu abinci,
ta ce, "Da aka yanke mini wuta cikin ƙanƙara
shi ya biya, ya ce kar kowa ya ji."
To ɗora su a sikeli mu gani.
Nawa dai har yau bai tsaya ba.

Saura shida.
Koci ya ce hali zanen dutse.
Mai ƙungiya ya ce dutse ba ya sayar da tikiti.
Aka yi dariya, ba ta kai ciki ba.

Na taɓa tsallake wani yaro a kan ji-ta-ji-ta,
yau zoben nasara biyu ne a yatsunsa, a garin wasu.
Na taɓa bugun ƙirji a kan wani mai ladabi,
mai riƙe wa tsofaffi ƙofa,
yanzu ta bayan gilashi uwarsa ke ganinsa ran Lahadi.
Tun daga nan ban ƙara yarda da idona ba.

Ga abin da ban sa a fayil ba.
Makon jiya na je wurin Dewey.
Yana dogara sanda a shagon tayar kawunsa.
Na ce, yana zuwa?
Ya ce, "Duk Talata. Shi kaɗai, ba kyamara.
Ya kawo soyayyar kaza, mu kalli tsoffin wasanni."
Na ce, ya taɓa ba ka haƙuri?
Ya daɗe yana murza noti tsakanin yatsu.
Ya ce, "Yana dai zuwa."

Saura biyu.
Halvorsen ta turo mini kati da biro.
"Orrin, kai ka san shi."
Na san jifarsa. Na san Talatarsa.
Wanda zai zama in an zuba masa miliyoyi a tafi,
shi kansa bai gamu da shi ba.

Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.
Na rubuta sunan, harafin ƙarshe ya karkace.

A talabijin ga shi cikin sabuwar kwat,
waya na ruri, uwarsa ta rufe baki da hannu biyu.
Na matso kusa ina duba 'yan uwa da abokai
ko zan hango wata sanda jingine da bango.
Aka sako talla
ban gama dubawa ba.