Layi Na Biyar

Ni aka miƙa wa littafin,
don ni ne malamin aji huɗu, rubutuna na karantuwa.
Motar asibiti ta gangaro daga Jos da hantsi,
ta tsaya gindin mangwaron makarantar Babale
da gadaje biyu, da akwatin ƙanƙara,
da lemon kwalba na duk wanda ya miƙa hannu.

Na ja layi arba'in da rula.
Har la'asar sakaliya, huɗu na cika.

Tanimu mai haƙar kuza ya tsaya bakin inuwa,
jar laka har gwiwa.
Ya ce, Malam, gobe rami zan shiga, gaba goma sha biyu,
jinin da zan ja igiya da shi za a ɗura a leda?
Koko ne a cikina tun asuba, ko ƙosai babu.
Ya saɓa shebur ya wuce.
Ban sami abin ce masa ba.

Inna Tabawa ta damƙe hannun jikanta,
ƙato mai gemu, kamar za a sace shi.
An ce Kudu ake kaiwa.
An ce masu neman kujera ke wanka da shi.
Na ce, Inna, wa ya ce?
Ta ce, an ce dai.
A garin nan An Ce ya fi mai unguwa faɗa a ji.

Dung mai dankali ba camfi ya kawo ba, lissafi ya kawo.
Bara da matarsa ta kwanta haihuwa
buhu uku ya sayar kafin a ɗaura mata leda ɗaya.
Ya dubi ma'aikaciyar: ku karɓa kyauta, ku ba mu da kuɗi?
Ta ce ledar kuɗi ce, gwajin kuɗi ne,
firjin ma sai an zuba wa janareta mai.
Ya gyaɗa kai, bai musa ba, bai zauna ba.
Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Samarin gindin shagon caji kuwa
cewa suka yi in an ɗiba ba ya komawa,
amarya ce za ta fara ganewa.
Suka tafa, suka sheƙe da dariya,
amma na ga idonsu bai bar allurar ba.

Su huɗun?
Asabe mai awara, wadda ɗanta mai sikila
ya sha rayuwa da jinin mutanen da ba ta san sunansu ba.
Ƙanwarta, don kada ta bar ta ita kaɗai.
Wani baƙo da tayarsa ta yi faci.
Sai direban motar da kansa,
wai kada a koma da akwati yana ƙara.

Yanzu saura wanda ban faɗa ba.
Yayana Inuwa, idonsa ya rine kamar an shafa gangamau,
cikinsa ya ɗaga, ƙafa ta ƙi takalmi.
Hanta ce, in ji likita, 'yan gidan duk su zo a duba.
Shekara uku ke nan ban je ba.
Kuma na sani, kafin su ɗiba
sai sun tsaga yatsa sun tambayi jinin labarinsa.
Jini ba ya kara.
Ni da ke koya wa yara kada su ji tsoron jarrabawa.

Ma'aikaciyar tana naɗe gado ta ce,
Malam, za mu dawo bayan an cire dankali.
Na ajiye biro, na ɗauki fensir,
na sa harafin farko na sunana a layi na biyar.

Littafin na cikin durowata.
Ban goge ba.
Ban ƙarasa ba.