Maɓalli na Uku

Shekara arba'in da ɗaya ina ɗinki a Budapest,
a ɗakin ƙasa, bayan tashar tarago,
inda taga ba ta ganin kowa sai takalman masu wucewa.
Na ɗinka wa sarakunan ƙarya alkyabba,
na ɗinka wa gawar ƙarya likkafani.
Yau kuma an kawo mini mugu.

A littafin zane yake, takardar ta yi ja don tsufa.
Shafi na tara: Mai Kashe Fitila.
Riga ruwan ɗorawa, mayafi shunayya har ƙasa,
wuyan rigar ya miƙe ya wuce kunne
kamar zakara ya hango abokin faɗa.
Maɓallai bakwai, kowanne ya kai ƙwai.

Zsombor, mai ba da umarni, ya ce sam.
Kyamara ba ta da kara, in ji shi,
abin da tawada ta ɗauka, jikin mutum ba ya ɗauka.
Sa wa ƙato ruwan ɗorawa
ka ga 'yan kallo sun kwashe da dariya.
Baƙin ƙirgi yake so, mai sheƙi,
ƙarfe a kafaɗa, sulke a ƙirji.

Sai Ilka, 'yar koyona, ta buga almakashi a tebur.
Tun tana ƙarama take karanta shi
a ƙarƙashin bargo, da tocila a baki.
Ta ce in ka cire shunayyar ka cire mutumin.
Ta ce irinta dubu ne, duk suna ƙirga maɓallai,
in suka ga shida ba za su yafe ba har kabari.

Suka yi ta yi har shayi ya huce.
Ni allura na bakina, ban ce uffan ba.

Don ni na taɓa ganin mugu.
Ina 'yar shida, da asuba, aka ƙwanƙwasa ƙofa.
Ba mayafi, ba ƙaho, ba ƙarfe.
Kwat ce ruwan toka, an goge ta tas,
hannun ya ɗan yi masa gajere.
Ya share takalmi a bakin ƙofa sau biyu,
ya ba uwata haƙuri a kan sammako,
ya shafa kaina,
ya tafi da ubana.
Maɓallinsa na uku na lilo a zare ɗaya.
Shi na zuba wa ido.
Saura kaɗan in ce masa, kawo in ɗinke maka.

Dare uku na kwana a kan keke.
Na sa toka a waje, na ɓoye shunayyar a ciki,
ba a ganin ta sai ya juya zai fita.
Ruwan ɗorawar na jiƙa shi a gahawa
har ya koma kalar tsohon haƙori.
Wuya na bar shi a tsaye, Ilka ta huta.
Hannu na rage masa yatsa biyu.
Maɓallai bakwai cif.

Ranar gwaji Benedek ya zo da burodi a aljihu,
mutumin da tattabarun dandali suka san muryarsa.
Ya zura hannu, ya gyara wuya,
ya tsaya gaban madubi.
Ba wanda ya yi dariya.
Mai fitila ya manta da fitilarsa.

Zsombor ya zagaya shi sau biyu, ya yi gyaran murya,
ya ce, Piroska, na ukun nan zai faɗi.
Ilka ta zare allura daga ƙirjinta.
Na riƙe hannunta.
Nawa ne ke rawa.