Ba Ka da Izini

A titin Beirut, bayan La'asar,
Tasi'u ya buɗe kwamfutar Hajiya Ladidi.
Lasisi ya mutu tun bara,
gawarsa ta ƙi fita daga ɗaki.

Ya danna goge. Allo ya ce: ba ka da izini.
Ya sake. Janareta na tari a bayan shago.

"Da kuɗina na saye ta,
wa kuma zan roƙa?"

Ashe mabuɗi na hannun Hafizu,
autanta da ya bar Kano karatu;
shi ne maigida a ciki,
ita baƙuwa a kan teburinta.

Sai a kira na uku ya ɗauka.
Ya ɗan yi shiru, ya faɗi kalmar sirri:
sunanta ne,
da shekarar da ta haife shi.