Lamba Arba'in da Bakwai

A ƙarƙashin gado, bayan buhun gero,
akwai gwangwanin madara da tsatsa ta ci bakinsa.
'Yan ƙwallo ɗari ba ɗaya ke kwance ciki,
an ɗaure su da robar kuɗi,
har yau ƙanshin cingam bai gama barin su ba.

Ina aji huɗu a Rijiyar Dorowa na fara.
Kuɗin tara nake tarawa,
in tsaya gaban teburin Malam Cika,
in ɓare, in ba ƙanena zaƙin,
ni hoton nake so.
Sahabi ya taɓa ba ni gola biyu
na ba shi ɗan baya guda mai tabo a goshi.
Sati uku ba ya amsa gaisuwata.

Lokaci a sannan ruwan Rima ne da damina,
ka ɗiba, ka zubar, ba mai tambaya.

Yanzu injin ban-ruwa nake gyarawa.
Gari bai gama wayewa ba
masu albasar Kwalkwalawa sun tare ƙofar shago:
"Maidamma, wanga inji ya ƙi tashi,
shuka na can tana mutuwa."
To wa zai dubi mai wannan magana
ya ce jira, ina da katin da zan jera?

Ga kuma hannun.
Baƙin mai ya zauna a ƙumba kamar gadonsa.
Omo da yashi, omo da yashi,
kafin ya fita an kira isha,
kafin in ci tuwo wuya ya karye.
Kati kuwa ba ya son datti, ba ya son gumi,
ba ya son mai gyangyaɗi.

Na ce Juma'a. Juma'a ta zo da suna.
Na ce Asabar, sai kuɗin makaranta.
Lahadi muka tafi ta'aziyya Boɗinga,
babur ya yi faci sau biyu a hanya.
Luba ta ce, "Kai da takardunga,
sai ka ce shaidar fili."
Na yi dariya. Ban ce mata
fili ne ba, wanda ban sayar ba tukuna.

Daren jiya aka ɗauke wuta,
zafin watan huɗu ya koro kowa tsakar gida.
Na saci jiki, fitilar waya a baki,
na jawo gwangwanin.

Robar ba yadda na ɗaure ta take ba.
Shekara ashirin da shida a jere da lamba,
wani ya raba su gida biyu.

"Ni ce," in ji Ummita daga bakin ƙofa,
zane a kafaɗa, ido duk barci.
"Waɗanga suna dariya.
Waɗanga an ci su."

Na buɗe baki zan yi faɗa,
sai na duba.
Ban taɓa lura da fuskokinsu ba,
lamba kawai nake gani, da gurbin
arba'in da bakwai, wanda na nema
daga Marina har Tsohuwar Kasuwa
ban samu ba, har Malam Cika ya rasu.

Ta ce ta ƙirga, ta ga ɗaya babu.
Ta miƙo min bayan kwalin sukari,
an yanka da reza, gefe ya karkace:
mutum mai ƙafa uku, ƙwallo kamar kabewa,
da jar biro an sa huɗu da bakwai,
bakwai ɗin na kallon baya.

Muka zauna a kan siminti har sauro ya gaji.
Ban wanke hannu ba.
Shatin babban yatsana na nan, baƙi,
a kan rigar mai ƙafa ukun.

Ta tambaye ni wane gida za a sa shi.
Waya ta yi ƙara. Kwalkwalawa ce.
Na kifa ta.
Na ce, bari mu duba fuskarsa tukuna.