Ƙofofin Kawu Nomau

Kawu Nomau baduku ne a Mokoyo,
fatar jar akuya yake mayarwa takalmi da jaka.
Ni na gina masa shafi a intanet,
ƙofofi biyar jere a goshinsa:
Takalma, Jakunkuna, Matasai, Farashi, Kira Mu.

Suna buɗewa, amma tsirara suke,
baƙin rubutu kan fari, kamar takardar likita.
Ya leƙa, ya ja tsaki:
"Baraka, akuyar da aka feɗe ta fi wannan sutura."

Dare uku ina bin layukan umarni da ido.
In gyara na sama, na ƙasa ya karkace.
A ordinata su zauna da ladabi,
a salula su hau kan juna
kamar fasinjan Ɗan Isa ranar kasuwa.
Waƙafi guda na manta,
ya cinye mini daren Laraba,
kuran kuma ya ɗauke ban adana ba.

Tsayabu mai gyaran waya a bakin tasha
shi ya turo mini wata 'yar manhaja,
irin da ake liƙa wa shafi
kamar aljihu a jikin riga.
Ja nan, launi ya sauya.
Ja can, ƙofofi su ba juna fili.
Kafin shayi na biyu ya tafasa
aikin dare uku ya durƙusa.

Sauƙi ya hau mini kai.
Na ba kowace ƙofa inuwa,
na sa su rangaji in an taɓa,
na zuba shuɗi, na yafa ruwan zinariya,
na ƙanƙanta haruffa don su yi kyau.

Kawu ya zo da guntun fata a hannu.
"Wannan jan nake so."
Ja goma sha bakwai na nuna masa,
yana kara fatar a jikin gilashi, yana kaɗa kai.
Nasa jan daga karan dafi yake,
bayan fata ta sha bagaruwa ta ƙoshi,
ba shi da lamba.
Na sha takwas ya ce, "Ƙanensa ne. Bar shi."

Sai ya kai babban yatsa zai shiga Farashi.
Yatsan da basilla ta shekara arba'in tana ci,
faffaɗa, mai kanta,
ya faɗa Matasai.
Ya sake, ƙofar ta yi rangaji ta kauce.
Bai ce komai ba. Ya dube ni kawai
yadda yake duban ɗinkin da ya bar layi.

Na kashe rangajin, na share zinariyar.
Na auna kowace ƙofa da yatsan Kawu,
na bar jan nan shi kaɗai.

Ran Asabar wata mata ta kira daga Damagaram,
takalmi ƙafa shida take so.
Ba ta ce uffan kan ƙofofin ba,
ta shigo ne kawai.
Kawu ya ɗauki wuƙa, ya jawo fata.