Kalmar da Na Kai Gida

A ƙarƙashin gadar Kawo, ranar Laraba,
ruwa ya ɗauke, kwalta na tururi,
kekena ya gogi wata baƙar mota,
ƙarzanen bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Mai motar ya fito, hula ta sha kari.
Na ce, Alhaji, a yi haƙuri.
Da Hausa ya ce wa matarsa ta ɗaga gilashi,
da Hausa ya kori mai tallan gyaɗa,
amma da ya juyo kaina
sai ya sauya harshe kamar mai sauya giya.

Nansens! Wannan na san shi.
Sharaf! Na sha shi a bakin soja.
Baladiful kuwa,
tun kakana na leburan jirgin ƙasa ake jifanmu da shi,
ya daɗe da zama ɗan gida.
Idiyot, situfid, rabish,
waɗannan ko kwandasta yana da su,
suna kacau-kacau a aljihunsa tare da canji.

Sai ya ja numfashi, ya dube ni daga silifa har keya,
ya ajiye wata a hankali:
ilitaret.

'Yan makaranta biyu da na ɗauko,
ɗaya ya toshe baki,
ɗaya ya hau duba wayar da ba ta yi ƙara ba.
Ilu mai faci ya ce, bar shi, wuce kawai.

Da uwa ya ambata, da na san inda zan sa ƙafa.
Da daƙuwa ya yi mini, ni ma yatsuna biyar.
Zagin Hausa yana da mariƙi,
ka cafe, ka juya shi, ka mayar wa mai shi.
Wannan kuwa mari ne a duhu:
ga zafi a kunci,
ba ka ga hannu ba.

Na ɗauke ta kyauta, fasinjar da ba ta sauka.
Daga Kawo zuwa Mando, daga Mando zuwa Kasuwa,
ina nanata ta kamar lambar waya
don kada ta zube a wani rami.
Har a sahun La'asar ta tsaya kusa da ni.

Da daddare a Hayin Banki, ba wuta,
Ladidi na aikin gida da fitilar wayata.
Aji biyar take.
Kuɗin zangon nan ma da tayar baya na biya shi.
Na ce, ke, mece ce ilitaret?

Fensir ya tsaya.
Baba, wa ya faɗa maka?
Na ce, a hanya na tsinta.
Ta dubi littafi, ta dubi bango,
ta ce, ai mutum ne mai yawan haƙuri.

Tun tana rarrafe na san ta:
in za ta yi ƙarya, kunne take sosawa.
Ta sosa har ɗankunne ya faɗi.

Na ce, to, madalla.
Na tsince mata shi.
Na ari fensir ɗin, na juya rasitin ƙungiya,
na rubuta kalmar da ajami,
alif, lam, ta,
da wasalinta cif,
hannun da malaminmu na Tudun Wada yake nuna wa baƙi.

Tana nan a bayan madubin keke.
In na sake ganin baƙar motar
zan miƙa masa, in ce,
Alhaji, ka yar da wannan,
karanta ka ga ko taka ce.