Kwana Uku Na Ɗaure Kawu

A Gadarif nake gyaran waya,
ƙarƙashin rumfar kwano, daura da masu auna riɗi.
In dare ya yi kuma ni mai gadi ne a kundin sani na Hausa,
rumbun da kowa ke zuba damin da ya samo.
Tsintsiya aka ba ni, da kwaɗo.
Ba albashi, sai "sannu da aiki"
daga mutanen da ban san fuskarsu ba.

Ran Talata wani ya ƙara layi a maƙalar unguwarmu:
"Rijiyar bayan masallaci, Tanimu ne ya haƙa ta
shekarar da jakinsa ya mutu a hanyar Makka, guzuri ya ƙare."
Zulaihatu daga Maraɗi ta tambaya: ina madogara?
Shiru. Ta cire. Ya mayar.
Ta cire. Ya mayar, har da ƙarin
wai ruwanta ya fi na kowace rijiya garɗi.

Na duba sunan: Jikan Tanimu.
Na san wayar nan.
Ni na canja mata gilashi da azumi,
har yau ba a biya ni ba.

Dokarmu ba ta da kawu.
Ta ce abin da ba a buga ba, a littafi ko jarida, ba ya kwana.
Ta ce wanda ya mayar fiye da sau uku a yini, a sa masa kwaɗo.
Da hannuna na juya ta zuwa Hausa,
har na yi ta jin daɗin yadda jimlolin suka zauna daram.

Na aika masa gargaɗi da harshen ofis.
Ya mayar na huɗu, ya rubuta a ƙasa:
"Madogara: ni. Na sha ruwan, uwarka ma ta sha."

Na latsa. Kwana uku.
Yatsana bai yi rawa ba, cikina ne ya kaɗa.

Washegari na je gaishe shi, don rashin zuwa ya fi zuwa muni.
Ya tura mini kwanon asida, ya zuba jabana a finjali,
bai ce uffan ba sai da na wanke hannu.
Sannan ya ɗauki sanda. Na bi shi.

A bakin rijiyar akwai gungumen da igiyar guga ta ci,
tsaga kusa da tsaga, wata yatsa ke nutsewa a ciki.
Ya ce, "Karanta."
Na ce, Kawu, in na buɗe maka ƙofa,
gobe wani zai rubuta kakansa ne ya haƙa Nilu.
Makon jiya ma na share mai maganin da ke warkar da cuta arba'in.
Ya ce, "Ashe don maƙaryata ake ɗaure mai gaskiya.
Baƙon da ya ratsa nan a mota, bai ko sauka ya sha ruwa ba,
ya je ya buga layi biyu a kanmu,
shi ne kuka ɗora a kan tabarma."

Ina da amsa, na sha ba wasu ita.
Ran nan ta maƙale.
Wata yarinya ta zo da jarka, muka matsa mata.

Na yi wa wata ɗaliba a jami'a magana,
ko za ta zo da rakoda kafin tsofaffin su ƙare,
ta rubuta, a buga, mu kuma mu ɗauko.
Ta ce sai bayan jarrabawa. An yi jarrabawa biyu.

Ran Juma'a kwaɗon ya buɗe da kansa.
Na zauna har asuba ina jiran ya dawo ya karya doka.
Bai dawo ba.
Maƙalar tana nan tsaf, kowane layi da madogararsa,
ba rijiya a cikinta.
Zulaihatu ta aiko mini da tauraron yabo.

Kuɗin gilashin kuwa,
ya aiko jikansa da su, a ƙulle cikin leda, cif-cif.